Kogin Kaladan da Mazan Jiya

Bahaushe ya san kogi, amma galibi bayan ya tsufa yake ganinsa. Kogin Kaduna da na Gongola duk daga tsaunukan Jos suke tasowa, sai dai kafin su iso ƙasar rairayi sun riga sun faɗaɗa, sun yi sanyin jiki, sun ɗauki launin ƙasar da suka ratso. Can arewa kuwa, da rani ya tsananta sai gulbi ya koma hanyar jakuna, mata su tona rami a tsakiyarsa su zauna jiran ruwa ya tsatso. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, ruwa a wurinsa abin nema ne, abin tattali.

Akwai irin waɗannan mutane da yawa cikin samarin da Turawan Ingila suka ɗiba a Yaƙin Duniya na Biyu, suka zuba a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, domin su kara da Japanawa a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta haɗa 'yan Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da ta zama Gana, kuma Hausa na cikin manyan harsunan bariki. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta ƙetare duwatsu ta shiga kwarin Kogin Kaladan a yankin Arakan. Babu hanya, don haka da adda da diga da shebur suka sare ta, fiye da mil 70. Abinci da harsashi daga sama jirage ke jefo su, sa'annan sojojin dako su ɗora a ka su bi bayan masu bindiga.

A nan ne ɗan ƙasar rairayi ya ga kogi a ƙuruciyarsa. Kaladan daga tsaunukan Chin yake gangarowa, ƙoramu suna faɗa masa ta kowane kwazazzabo, har ya je ya shiga teku a garin da a wancan zamani ake kira Akyab. Ruwan wata guda na tsakiyar daminar can yakan kai na shekarar Kano sukutum. Mutumin da ya saba yin alwala da rabin buta, yana ƙididdige kowane ɗigo, ga shi durƙushe gaban ruwan da ba ya yankewa dare da rana, ba wanda ya haƙa, ba wanda ya ja guga. In ya taɓa zama gaban alaramma, da wuya Suratul Baƙara ba ta faɗo masa a rai ba, inda aka kwatanta busasshiyar zuciya da dutse, aka kuma nuna cewa dutsen ma ya fi ta, tunda akwai wanda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa. Abin da ya haddace a allo yana yaro, sai a bakin daga ya gan shi da ido.

Sai dai ruwan da ya zama rahama, shi ne kuma ya zama tarko. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mazaje masu yawa, kuma wanda ke bisa kogi ba shi da maɓoya. A watan Maris na 1944 Japanawa suka afka wa wata ƙungiyar sojojin jinya da ke gangara Kaladan a kan ɗaurin gora. Cikinsu akwai Isaac Fadoyebo, wani saurayi Bayarabe, wanda harsashi ya ragargaza masa ƙafa. Wani manomi Musulmi na ƙauyen ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo, aka yi ta ciyar da su wata da watanni, alhali da an gane, gidan gaba ɗaya zai halaka. Fadoyebo ya dawo gida, ya rubuta labarinsa, ya rayu har 2012. Mafi yawan takwarorinsa ba su iya rubutu ba, labarinsu ya bi su kushewa.

Wasu ma kushewar ba su samu ba. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san makwancinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Ga mutumin da duk burinsa a yi masa wanka da sutura a fuskantar da shi alƙibla, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Akan ji masu cewa yaƙin wani suka yi, don haka ba su bin kowa bashi a nan. Gaskiya ne ba su suka haddasa shi ba, wasunsu ma hakimai ne suka miƙa su don cika adadi. Amma rashin zaɓi ba ya rage nauyin kayan da mutum ya ɗauka, kuma a ƙarshen Janairun 1945 su ne, tare da Runduna ta 82, suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. Kowace 15 ga Janairu akan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, a busa begila, a watse. Abin takaici, da wuya a ji an ambaci inda suka faɗi, kuma malamin makaranta da zai iya gaya wa yara shi ma ba a gaya masa ba.

Sunayen kuwa suna nan a bakin titi. A Legas akwai barikin Arakan da na Myohaung, a Zariya akwai Chindit, sunan dakarun da bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinsu a 1944. A Kaduna, garin da shi kansa sunan kogi yake ɗauke da shi, kwandasta yakan kira Dalet ya sauke fasinja, wasu kuma su ratsa ta gaban Kalapanzin. Dukkan biyun sunayen ruwaye ne da ke gangarowa daga duwatsun Arakan.