Yayana da Cokalin Sukari

Duk wanda ya san Yayana kafin ya tafi Jami'ar Gadarif ya san shi siriri, kamar karan dawa. A nan Ummu Rakuba shi ke ɗebo mana ruwa, kuma idan lokacin yankan riɗi ya zo, tun asuba yake fita gona sai la'asar. Shekara biyu ya yi a birni, ya dawo hutu jallabiyarsa ta matse shi. Inna ta yi ta murna, wai karatu ya karɓi ɗanta. Baba kuwa shiru ya yi, domin shi ya san abin da ciwon sukari ya yi wa ƙafarsa, kuma shi ma da teɓa abin ya fara masa.

Shirun Baba ya shiga ran Yaya. Sai ya yanke wa kansa hukunci mai tsanani. Ya bar karin kumallo, ya bar cin dare, ya sayo wani garin magani a kasuwa, wai yana narkar da kitse. Ashe zawo kawai yake sawa. Rana ta tara, muna sahu a sallar azahar, ya ɗago daga ruku'u sai jiri ya ɗebe shi, ya faɗi a kaina. Wallahi na ɗauka ya mutu.

A asibiti aka ƙara masa ruwa. Likitan bai yi masa faɗa ba, takarda ya miƙo mini ya ce in rubuta abin da Yaya ke ci a jami'a. Zalabiya da safe, burodi da ta'amiya da rana, agashe da lemon kwalba da dare. Shayi kofi 5, kowanne da sukari cokali 3. Na yi lissafi: cokali 15, wajen giram 60 ke nan a shayi kaɗai. Likita ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ya ce abin da maganin kasuwa ya zubar ruwan jiki ne, kitsen na nan daram. Ragewar da ba ta cutarwa ita ce rabin kilo zuwa kilo 1 a mako.

Ni fa kunya ta kama ni. A ajinmu Ustazu ya karantar da mu koyarwar Annabi (SAW) kan raba ciki uku, na abinci, na abin sha, na numfashi. Na haddace, na ci jarrabawa, amma ban taɓa kawo shi bakin akushi ba.

Abin da Yaya ya koma yi ba shi da tsada. Yana cin abinci sau uku, sai dai ya rage malmalar asida da kisra, ya ƙara miyar kuɓewa, wake da ganye. Shayi kofi 2, cokali ɗaiɗai. Zoɓo da tsamiya marasa zaƙi sosai sun maye lemon kwalba. Bayan sallar asuba muna tafiya minti 30, kwana 5 a mako. Makon farko ya ce shayin kamar ruwan wanki, yanzu kuma shi ke cewa nawa ya yi zaƙi. Cikin wata 4 ya sauke kilo 8, bai sake faɗuwa ba.

'Yan'uwana ɗalibai, wasunmu baɗi za su tafi jami'a, inda zama ya fi tafiya yawa kuma mai shayi na bakin ƙofa. In jiki ya yi nauyi, kada ku hukunta shi da yunwa, kada ku sha abin da ba ku san sunansa ba. Ƙiba da cokali ta shigo, da cokali za ta fita. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi, Ya ba mu lafiya mai amfani.