AK da AR-15: Inda Araha Ta Koma

An daɗe a kasuwar bindigogi ta Amurka ana yi wa AK kallon bindigar talaka. Mikhail Kalashnikov ya ƙera ta a 1947 don ta jure ƙura da taɓo. Harsashinta mai kaurin milimita 7.62 yana da nauyi, dukansa a kusa ba wasa, amma da tazara ta yi nisa sai ya fara sunkuyawa. Na AR-15, bindigar da Eugene Stoner ya tsara, 5.56 ne: siriri, mai gudu, ba ya tunkuɗar kafaɗa sosai. Tarayyar Soviet da kanta ta sallama wa wannan hujja a 1974, ta koma 5.45.

Rabin arahar AK a Amurka daga harsasan Rasha take. Da gwamnati ta daina ba da sabon izinin shigo da su a 2021, lissafi ya juye. Ita kuwa AR-15, kamfanoni barkatai ne ke ƙera sassanta a cikin gida, gasa ta karya farashinta. Madubin saiti, tocila, mariƙi, duk suna hawa kan layin Picatinny da ke jikinta. A nan aljihun mai saye yake ramewa, domin madubi nagari yakan fi bindigar kanta tsada.