Tsakanin "Wai" da "Lalle": Kalmar Kira a Harshen Pali

Ina yaro na taɓa shiga gida da gudu na ce ɗan maƙwabcinmu ya rasu a hanyar Agadas. A bakin kasuwa na ji. Kafin la'asar mata sun cika gidansu, kafin magariba kuma mutumin ya aiko saƙo yana nan lafiya. Inna ba ta doke ni ba, tambaya ɗaya ta yi mini: "Kai ɗan nan, ina ka yar da wai ɗinka?"

Tambayar ta dawo mini sa'ad da na ci karo da kalmar kira a harshen Pali. Pali tsohon harshe ne na ƙasar Indiya, dangin Sanskirit, kuma da shi aka adana Tipitaka, littattafan addinin Buda na mazhabar Terawada da ake bi a Siri Lanka da Bama da Tailan. Kira ɗin nan ba ta da alaƙa da kira na Hausa. Ƴar ƙaramar kalma ce da ba ta buɗe jimla, sai dai ta raɓu a bayan kalmar farko, saɓanin "wai" da ke shiga gaba. Takwararta a Sanskirit ita ce kila.

Ƙamus ɗin Rhys Davids da Stede, wanda ya fito tsakanin 1921 da 1925, ya ba ta ma'anar ƙarfafawa, wato "lalle". Tsofaffin masu sharhi na Pali sukan bayyana ta da kalmar anussava, abin da aka ji ana faɗa, kuma labaran da ke cikin littattafan sharhi cike suke da ita. Na daɗe ina mamakin yadda kalma guda za ta ƙarfafa zance, ta kuma janye hannun mai zancen.

Hausa ce ta rikita ni, domin "wai" ɗinmu ta karkata ga shakku. In na ce wai malam ya yi tafiya, mai sauraro zai ji ban gama yarda ba. Haka ma "ƙila", wadda muka aro daga Larabci inda take nufin "an ce", ta koma "mai yiwuwa", muka kuma laƙaba wa tsegumi ƙila-wa-ƙala. Kamanninta da kila ta Sanskirit dace ne kawai. A fahimtata, mai ba da labari da Pali in ya sa kira yana cewa ne: ban gani ba, amma haka magabata suka miƙo. Ƙarfin zancen daga gare su yake, shi mai isarwa ne.

Saboda haka mai fassara zuwa Hausa yana tsaka mai wuya. In ya sa "wai", ya cusa shakkun da marubucin bai nufa ba. In ya sa "lalle", ya ɗora masa shedar da bai bayar ba. Sau da yawa "an ruwaito cewa" ta fi kusa, kuma duk wanda ya zauna a zauren karatun hadisi ya san nauyinta.

Su ma masu harshen sun san iyakar kalmar. Daga gare ta aka gina itikira, wato jita-jita, wadda huɗubar da Buda ya yi wa mutanen Kalama ta lissafa cikin abubuwan da ba su isa hujja ba su kaɗai.

Mu ɗaliban ilimin harshe muna tattara zance daga bakin dattawa a Katsinar Maradi da Damagaram da Adar. Na lura wajen rubuta abin da na naɗo hannuna kan so ya share "wai" da "an ce" don jimla ta yi tsabta. Yanzu nakan bar su inda tsohon ya ajiye su, domin a nan ya shaida mini abin da ya gani da abin da ya ji.