Daga Sule Tankarkar Zuwa Bakin Kano: Arahar Fili Da Tsadar Hanya

Sule Tankarkar gari ne na rairayi a ƙasar Gumel, dab da iyakar Nijar, inda gero da wake da riɗi su ne arzikin talaka. A nan mutum yakan fito daga gida ya isa masallaci, ya zarce kasuwa, ya leƙa gona, duk a ƙafa, bai kashe ko kwabo ba. Amma da an gama kaka sai samari su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Kano cin rani, kuma tun daga farin 1973 da na 1984 da yawansu suka daina komawa.

Wanda ya biyo su ta Gumel da Gujungu zai ga abin mamaki tun bai iso ba. A da, sai matafiyi ya kusa 'Yankaba sa'an nan ya ce ya shigo Kano. Yanzu kuwa da ya wuce Gezawa, gidajen bulo za su fara tarbarsa, daga Jogana zuwa Gunduwawa har Tokarawa, waɗansu an rufa, waɗansu an tsaya a linta shekara da shekaru. Gonaki ne aka yayyanka, abin da Kanawa ke kira awon igiya, watau filin da mai gona da dillali suka auna da kansu, ba tsarin hukuma, ba titi, ba magudanar ruwa. Birnin da Sarki Gijimasu ya fara kewaye shi da ganuwa ya malala ya haɗe ƙananan hukumomi 8, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum wajen miliyan 2.8, ga shi kuma yana cin ƙasar maƙwabtansu.

Dalilin da ke kai mutum can ba ɓoyayye ba ne. Haya a Fagge ko Sabon Gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci da yaron kanti, fili kuwa a bakin gari da sauƙi, kuma wa zai ƙi a ce yau ga shi a gidan kansa? To, amma ku 'yan kasuwa kun san ba a yi wa haja lissafi da kuɗin saye kaɗai, sai an haɗa da kuɗin dako. Aikin bai bi mutane zuwa bakin gari ba. Kantin Kwari da Singa da Sakatariyar Audu Bako suna nan inda suke. Mai gida a Jogana in zai yi hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, kwana shida a mako, ya biya kuɗin mota sau 24 ke nan, ban da na yara 'yan makaranta, ban da ranar da uwargida za ta asibiti. Haya sau ɗaya ake biyanta a shekara, shi ya sa take da zafi. Kuɗin mota kuwa kullum yake zurarewa kaɗan-kaɗan, ba mai rubuta shi.

Sa'ad da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano cikin 2013, jama'a suka koma ga A Daidaita Sahu. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wanda ya yi gini can nesa bisa lissafin mai na da, ba shi da ikon ɗauke gidansa ya matso da shi. Ga kuma ruwa: inda famfo bai kai ba, sai 'yan garuwa, jarka-jarka.

Akwai wata asarar da ba ta shiga aljihu. Magidanci ya fita da sallamar Asuba, bai dawo ba sai bayan Lisha, yara sun yi barci. Maƙwabcinsa ya yi jinya mako guda bai sani ba. Suna ko jana'iza a cikin birni ta zama abin da sai an duba aljihu tukuna, balle zuwa gida Sule Tankarkar gai da tsofaffi, wanda a da ake yi duk wata, yanzu ya koma daga Salla sai Salla.