Keken Da Zai Kai Auta Makaranta

Na san wasunku za su yi dariya su ce me ya haɗa budurwa da cinikin keke, tunda a wajenmu da wuya a ga mace ta girma tana tuƙa shi. To ku biyo ni a hankali, domin kuɗin da aka yi cinikin da su nawa ne. Wata 10 na yi ina zubin adashe da kuɗin ɗinki har na kwashi N80,000, kuma ba don keke na tara su ba, don kayan ɗakina ne.

Ni a Ƙauran Namoda nake zaune a gidan Kawuna tun rasuwar mahaifinmu, Innarmu kuwa tana Zurmi da ƙanena mai bi mini da kuma Autarmu. Gidan yana can bakin gari, makarantar su Auta kuma da 'yar tazara. Da can acaba ke kai su, to amma tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin acaba ya fi ƙarfin Inna. Shi namijin yana iya takawa, amma Auta yarinya ce 'yar shekara 9, kullum sai ta makara, ta sha bulala, ta dawo ƙafa duk faso. Da sanyin farkon 2024 sai ga saƙon Inna cewa ta yanke shawarar Auta ta zauna gida tukuna. Wallahi daren nan ban runtsa ba, don na san ma'anar "tukuna" a wajen ɗiya mace. Da gari ya waye na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa abin da ke raina.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗiyata, kin tabbata? Kuɗin gadonki da katifa na hwa." Na sunkuyar da kai na ce na tabbata. Ya ce to in ɗauko mayafina.

A hanyarmu ta zuwa shagunan masu keke muka bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Kawu ya tsaya yana nuna mini dogo. A nan Ƙaura layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya ƙare, a shekarar 1929 ya iso, kuma gyaɗa da auduga aka yi shi domin kwasa. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsu in manomi ya sayar da gyaɗarsa da kaka, abu biyu ne a ransa, aure da keke Rali, wani ma keken yake fara saye don shi ke sa a ba shi matar. Shi Raleigh ɗin nan asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, tambarinsa kan zalɓe ne, kuma har masana'anta kamfanin ya taɓa yi a Kano. Samari kan naɗe jikinsa da leda mai launi, su sa masa madubi biyu da ƙararrawa, su wanke shi ranar Juma'a kamar doki. Yanzu ciyawa ce ta rufe dogon, Rali na ainihi kuwa sai a zauren tsofaffi.

Sababbin da muka tarar a shago yawanci Phoenix ne na birnin Shanghai a ƙasar Sin, da Avon na Indiya, baƙaƙe masu babbar taya. Kuɗin da mai shago ya faɗa ya wuce abin da ke ƙulle a jakata nesa ba kusa ba, kuma sai an sake biyan mai ɗaurawa. Jikina ya yi sanyi. Kawu ya ce kar in damu, mu jira Alhamis mu ci kasuwar Shinkafi, can ake samun na hannu.

Ba mu tafi mu kaɗai ba. Kawu ya roƙi wani dattijo abokinsa mai gyaran keke, wanda duk unguwa Baba mai faci ake ce masa, ya raka mu. Sai da rana ta ɗaga sosai motarmu ta tashi, don duk wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya san ba a yi mata sammako ba a kuma yi mata yamma, saboda 'yan bindiga. Daga fita gari ana ta hira, amma muna wuce Moriki sai motar ta yi tsit, kowa bakinsa na motsi da addu'a, ga shingen jami'an tsaro nan da can. Na riƙe jakata gam har hannuna ya yi gumi. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce mini a watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya, ta ɗauka ita da ganin kasuwar Shinkafi sai a lahira.

Ai kuwa kasuwa ce. Ga shanu da raƙuma, ga buhunan hatsi jibge, ga mutanen Nijar da rawunansu, hayaniya kamar kunne zai tsage. Masu keke suna can gefe guda, kuma tun daga nesa idona ya faɗa kan wani ja mai ƙyalli, mai giya, sirdinsa siriri, irin waɗanda ake kawowa kwance daga Turai. Na hango ƙanena a kansa, na ji har na saya a zuciyata. Dillali ya ga idona, nan take ya gungurar da shi gabana yana cewa, "Hajiya, wanga ai naki na, Allah ya aje miki."

Baba mai faci bai ko taɓa shi ba. Tambayata ya yi, "Ɗiyata, wa za shi hawa, ina za shi da shi, mi za shi ɗauka?" Na ce ƙanena ne, a Zurmi, zai goya Auta safe da rana, in an taso kuma ya yi wa Inna ɗibar ruwa da kai niƙa. Ya ce to in duba, ina kariyar da Auta za ta zauna? Babu. In giyar nan ta lalace, wa ke da kayanta a Zurmi? In wayar birkin ta tsinke fa? Ya ce ba wai keken banza ba ne, mai kyau ne ga ɗan birni mai yawo a kwalta shi kaɗai, amma mu an yi mana shi ne kamar takalmi mai tsini ga mai zuwa gona. Na ji kunya, amma gaskiyarsa.

Daga nan ya koma kan baƙaƙen, masu taya lamba 28 da birkin ƙarfe, na zuba ido ina kallon ikon Allah. Ga abin da na ga yana yi, ku riƙe ko don gaba. Da farko yakan koma baya ya tsuguna ya hango keken, ya ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, don keken da ya taɓa karo jikinsa kan murɗe, kuma wannan ba ya gyaruwa. Sai ya ɗaga shi ya juya taya yana kallon tsakaninta da robar birki, in tana rawa tana taɓa gefe to wilin ya lanƙwashe. Yakan bi wayoyin wilin yana matsawa da yatsa bibbiyu don ya ji masu sako-sako. Ya kama feda ya girgiza ta gefe da gefe, ya damƙe birkin gaba ya tura keken ya ji ko wuyan yana ƙwas-ƙwas, duk wannan boris ne ke magana. Haƙoran da sarƙa ke hawa kuwa ya ce in sun yi tsini kamar ƙaya sun cinye ke nan.

Akwai wani da ya sha sabon fenti baƙi wuluk, an manna masa tambari mai kan zalɓe, dillali na rantsuwa Rali ne tsohon yayi. Baba ya shafa ƙarƙashin wuyansa, ya sa farce ya ɗan kankare, sai ga tudun walda. Ya dubi dillalin ya ce, "Wanga an yi mai kwalliyar amarya." Jama'ar wurin suka fashe da dariya. Tun daga ranar nake tsoron duk kayan hannu da ya cika ƙyalli.

Wanda ya zaɓa mini, wallahi da ni kaɗai ce ko kallo bai ishe ni ba. Phoenix ne da fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya yage, tayar baya ta suɗe. Amma jikinsa lafiya lau, ba walda ko ɗaya, kariyarsa ta ƙarfe mai kauri. Baba ya ce taya da tiyub da sarƙa da sirdi kayan canji ne, ko wane mai faci a ƙauye yana da su, amma gangar jiki ita ce keke. Ya sa ni na yi lissafi da kaina: kuɗin saye, a haɗa da kuɗin abin da za a canja yau, sannan a kwatanta da sabo. Aka fara taya, mai shi yana albarka, Kawu ya yi kamar zai tafi har sau biyu, daga ƙarshe aka sallama a N58,000. Kawu ya dage sai da aka rubuta takarda da sunan mai sayarwa da lambar da ke jikin keken, shugaban 'yan keke na wurin ya shaida, don kada wata rana wani ya tare yaro ya ce nasa ne aka sace. Muka biya la'ada, aka ɗaure keke a bayan mota, kafin la'asar muna Ƙaura. Sabuwar taya da tiyub da sirdi da giris suka ci kusan N15,000, Baba kuwa ya ƙi karɓar ko sisi na aikinsa, wai ladan marayu yake nema.

Ranar Asabar na kama hanyar Zurmi, wadda ita ce ke zarcewa Jibiya. Tsohon gari ne na Fulanin Alibawa, dangin shi Namoda da ya kafa Ƙaura, amma 'yan shekarun nan ya sha wuya, a unguwarmu kaɗai gidaje da dama cike suke da 'yan uwan da suka gudo daga ƙauyuka. Sai da na sauka daga kwalta na shiga rairayin hanyar gidanmu ina tura keken na ƙara gane maganar Baba, ga yashi, ga tsidau baje a ƙasa yana jiran taya.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na yi sallama. Ta dubi keke, ta dube ni, ta ce, "Ke da wane kuɗi?" Na yi shiru ina wasa da bakin mayafina. Ta gane, ta juya baya tana share ido da gefen zane, faɗa take yi amma muryarta na rawa. Ƙanena kuwa ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya haye ya zaga unguwa sau uku yana kaɗa ƙararrawa. Da dare na ɗinka wa kariyar 'yar matashi da ragowar atamfa, na kuma gargaɗi Auta ta riƙa tattare hijabinta kada ya shiga wili.

Ran Litinin ƙarfe 7 da 'yan mintuna suka fita, Auta a baya ta rungume jakarta da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe rigar yayanta. Ran Laraba tsidau ya huda tayar gaba, mai facin bakin kasuwa ya liƙe ta kafin su gama cin ƙosai. Ni kuma na koma Ƙaura da ragowar canjina, na je wajen uwar adashe na ce ta sake sa sunana a sabon zubi, amma wannan karon ta ba ni kwasar ƙarshe.