Tsarabar Garwa: Zoborodo Mai Kauri

Daga Yawunde muka shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, daga nan mota ta kai mu Garwa, bakin kogin Binuwai. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Da muka sauka gidan gwaggonmu, ba ta aika a sayo lemon kwalba ba. Sai ta ɗauko wani jan ruwa mai kauri, ta zuba kaɗan a kofi, ta cika da ruwan randa.

Zoborodo ne, wanda Fulanin garin ke kira folere. Ta ce, "'Ya'yana, ku tafasa shi da citta da kanumfari, ku tace da ƙyalle mai tsabta. Kowane kofin ruwa, kofi ɗaya na sukari. Ku mayar kan wuta har ya kama cokali. Sukarin ne ke hana shi lalacewa da wuri, amma sai kun wanke kwalbar da tafasasshen ruwa."

Kunya ta kama mu. A Briketari yaranmu lemon kanti kaɗai suka sani, kuɗi kuwa na ta zurarewa. Mun dawo da mudu biyu na zoborodo. Azumi mai zuwa, in Allah ya yarda, da shi za mu sha ruwa.