To, bayan ya mutu fa?

'Yan uwa marubuta, makon jiya na karanta wa kakata sabon labarina: tsohon basarake ya auri 'yar shekara 17, ta yi ta kuka har shafin ƙarshe. Hajiya ta saurara tana ɓarar gyaɗa, sannan ta ce, "To, bayan ya mutu fa?"

Ita ta san amsar. Kakanmu dagaci ne a wani ƙauyen Kudan, ya girme ta da shekara talatin. Ban taɓa jin ta zage shi ba. Amma ya rasu ya bar ta da ƙananan yara huɗu, manyan 'ya'yansa, waɗanda biyu sun girme ta, suka riƙe gonar rake. Tumunin takaba su uku suka raba. Da sayar da mazarƙwaila a kasuwar Maƙarfi ta raini mahaifina.

Mu kuwa a daren biki muke ajiye biro. A 2015, da Sarki Sanusi, yana da shekara 54, ya auri 'yar Lamiɗon Adamawa mai 18, lissafin shekaru kawai muka yi ta yi a Facebook. Ingila ma ta sha bikin Charles mai 32 da Diana mai 20 a 1981. Ainihin labarin daga baya ya zo, har yau 'ya'yansu biyu na ɗauke da shi.

Na yaga shafukan farko. Yanzu labarin yana farawa ne ranar fita takaba, da wata mata tana ƙirga tukwanenta.